Rufin Motar Baba Yana Kuka

Mai Firji bai taɓa sha'awar mota mai gudu ba. Tsohuwar a-kori-kurarsa ta ishe shi, wadda yake loda firjin da mutane suka ba shi gyara a bayanta, ya ɗaure da igiya, ya lallaɓa da ita a gefen titi masu keke suna wuce shi. Amma ya auri 'yar mutumin da abokansa ke kira Walƙiya, kuma ashe duk wanda ya auri 'yar Walƙiya har da motar Walƙiya ya aura, sai dai ba wanda ya gaya masa haka a lokacin.

Baba, kamar yadda kowa a gidan yake kiran tsohon, a kan sitiyarin tankar mai ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Da ya ajiye aiki, tsararrakinsa suna sayen gona suna ƙara ɗakuna a gidajensu, shi kuwa ya tafi ya dawo da wata jar mota ta hannu, mai kujera biyu, gajeruwa har cikinta na neman lasar kwalta. Ya ce ya gaji da jan kaya a bayansa, yanzu abin da yake so shi ne wanda in ya taka zai ji ya amsa. Rufinta falle biyu ne, ɗaya a saman direba, ɗaya a saman na gefe. In ana son shan iska sai a buɗe sakatarsu ta ciki, a ɗaga su a ajiye a but ɗin motar. Umma, matar Baba, ta taɓa shiga motar, da ƙyar aka zaro ta gwiwoyinta suna ƙara. Tun daga ranar ta ce wannan ba mota ba ce, bahon wanka ne aka sa wa taya.

Shekaru Baba yana more abarsa, sai idonsa ya fara hazo. Ya ɓoye, ya ɓoye, har ranar da ya zo shiga gida ya goga gefen motar da ginshiƙin ƙofa, ya fito yana faɗa wai wa ya matsar da ginshiƙin. Likitan ido ya duba shi ya ce maganar tuƙi ta ƙare, sai dai a riƙa zuwa ana auna idon ana ɗiga magani, don abin da ya rage kada ya tafi.

Baba yana da 'ya'ya maza biyu. Babban yana aiki a wata ƙasa, sai dai murya a waya. Auta kuwa ya yi aure yana zaune a sashe ɗaya na gidan, amma Baba ya ce muddin yana numfashi, mutumin da ke tuƙi da hannu ɗaya yana latsa waya da ɗayan ba zai taɓa masa sitiyari ba. Sai ya aika aka kira mijin 'yarsa.

"Injiniya," in ji Baba, don haka yake kiransa, rabi girmamawa rabi tsokana, "kai kaɗai ne a zuri'ar nan ba ka da gaggawa. Wanda ya saba tuƙa firji ba zai kashe mini mota ba. Ga makulli. Ranar Asabar ka riƙa zuwa ka kai ni asibiti, in babu asibiti mu ɗan zaga, kada injin ya kwanta."

Yammacin Asabar shi ne kaɗai lokacin da Mai Firji yake rufe shago ya miƙe bayansa a doguwar kujerar falonsa. Ya buɗe baki zai faɗi haka, sai ya ji bakin ya ce, "To, Baba. Allah ya ƙara lafiya."

Da farko abin bai yi tsanani ba. Zai naɗe dogayen ƙafafunsa ya shige ƙarƙashin sitiyari, Baba ya zauna a gefe da baƙin tabarau, su fita. Tsohon ba ya ganin hanya sosai, amma wannan bai hana shi tuƙi da baki ba. "Sa ta uku. Kana shaƙe ta. Wannan ba firji ba ce, Injiniya, ba abin da zai zube." Mai Firji sai ya ce to, ya sa ta uku.

Ana nan sai rufin ya fara kuka. Ƙara ce 'yar siririya, ƙiiƙ, ƙiiƙ, kamar ana murza takalmin roba a kan siminti mai santsi, kuma daidai saman kunnen Baba take fitowa. In sun hau gargada sai ta haɗa da wani ƙwas-ƙwas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa da farce. In sun karya kwana sai ta ja dogo.

"Ka ji?"

"Na ji, Baba."

"Ba ka ji ba. Da ka ji da ba ka amsa mini a sanyaye haka ba."

Daga ranar hira ta ƙare a cikin motar, sai zancen rufi. Baba zai ɗaga hannu ya danne fallen da tafinsa, ƙarar ta yi shiru, ya saki ta dawo. Haka zai yi ta yi har su isa asibiti, hannunsa a sama kamar ɗalibin da malami ya ƙi kira.

Wanda ya fara gwada gyaran wani tsohon bakanike ne, abokin Baba tun zamanin tanka, ana ce masa Sufana. Ya zo ya leƙa, ya yi tsaki, ya ce wannan ai ba aiki ba ne. Ya ɗebo baƙin giris da yatsa ya lafta wa robar da ta zagaye bakin rufin, ya mayar ya kulle. Ƙarar ta ɗauke kuwa, Baba har da yi masa kirari. Kwana kaɗan suka tsaya a cunkoson motoci rana na dukan rufin, giris ya narke ya fara ɗiga. Kafin su isa gida farar hular Baba da kafaɗar rigarsa sun yi ɗige-ɗige kamar zabuwa. Umma ta karɓi rigar ta riƙe ta da yatsu biyu, ta dubi Mai Firji, shi kuwa ya ji kamar shi ya ɗiga. Bayan haka robar ta sha man ta kumbura, kukan ya dawo da sabuwar murya, mai kauri.

Sai Auta ya ce shi ya gani a waya yadda ake yi. Ya nannaɗe kwali ya cusa tsakanin fallen da jikin motar. Wannan ma ya yi aiki, har ranar da ruwan sama ya tare su a hanya. Kwalin ya jiƙe, ya buɗe wa ruwa hanya, ruwan kuwa bai zaɓi ko'ina ba sai cinyar direba. A ranar Mai Firji yana da alkawari da wani mai kantin magani da firjinsa ya tsaya, haka ya shiga kantin da wando jiƙe sharkaf daga gaba. Mai kantin ya dube shi sama da ƙasa ya ce a hankali, "Malam, muna da maganin wannan ma, ba abin kunya ba ne."

Shi ma Mai Firji ya gwada nasa, a tsaitsaye, don a rabu lafiya. Ya ƙara ɗaure notin sakatar. Ƙwas-ƙwas ɗin ya ragu, ƙiiƙ ɗin ya ƙaru. Ya sassauta, suka yi musaya. Ya mayar yadda yake ya ce sai an samu lokaci.

Lokacin kuwa shi ne babu. Zafi ya shigo, kuma in zafi ya shigo kowane firji a garin sai ya tuna yana da ciwo. Wayarsa ba ta hutawa. Mai sayar da kifi tana kuka kayanta za su lalace, mai ƙanƙara yana zagi, wata uwargida tana rantsuwa ba ta taɓa komai ba alhali ga alamar wuƙa a jikin bututun gas. Shagonsa ya cika har bakin ƙofa, sai ya bi ta gefe yake shiga. Yini yake a tsugune bayan firji, fuskarsa kusa da kwamfireso mai zafi, gumi na shiga masa ido. In ya miƙe sai ya dafa bango ya jira ƙugunsa ya yarda. Ya dawo gida ya ci abinci bai san me ya ci ba. Sannan Asabar ta zo, ya yi wanka, ya sa riga mai kyau, ya je ya naɗe kansa a cikin jar mota ya saurari ƙiiƙ, ya saurari "ka ji?"

Wata Juma'a da yamma yana cire takalmi a bakin ƙofa ya ce wa matarsa, "Maman Gimbiya, gobe ba zan je ba."

Tana yanka albasa, ba ta ɗago ba. "Ba asibiti gobe, ai na sani."

"Ko da akwai. Auta yana nan, hannunsa biyu ƙafarsa biyu. Ni ma mutum ne. Rabon da in zauna in ga 'yata da rana har na manta. Kuma in gaya miki gaskiya, na fara jin ƙarar nan a cikin shago. Jiya na buɗe ƙofar firjin wani, ta yi ƙiiƙ, na ce na ji, Baba."

Ta yi dariya har ta ajiye wuƙar, sannan ta ga shi ba dariya yake ba. Ta share hannu a zane ta ce, "To, Abban Gimbiya, kada ka je. Ni ba zan ce ka je ba. Ubana ne, na fi ka sanin halinsa, mu ma da muka tashi a gabansa haka muka sha. Zan je in ce aiki ya riƙe ka."

Bai yi tsammanin za ta yarda da sauƙi haka ba, har ya ɗan ji haushin rasa gardamar da ya shirya. Washegari bai je ba. Kuma bai huta ba, don mai kifi ta aiko da firjinta a kan kurar ɗaukar kaya tun kafin ya rufe shago, ya ƙare yammacin a tsugune kamar kullum.

Da ya dawo ya tarar matarsa ta riga shi dawowa daga gidansu. Ta kawo masa ruwa ta zauna. Ya kasa haƙuri ya tambaya.

"Yaya Baba?"

"Lafiya lau. Ya ce a gaishe ka, Allah ya taimaka."

"Bai yi faɗa ba?"

"Bai yi ba." Ta gyara zama. "A gareji na same shi. Ya yi wanka ya sa kaya, yana zaune a kujerar direba, ya tayar da injin yana saurare. Umma ta ce tun bayan azahar yake nan. Da na gaya masa ba za ka zo ba ya ce ai ya sani, zafi ne, lokacin aikinku ne. Ya kashe motar ya ba ni makullin in rataye masa, don ba ya ganin ƙusar."

Ta tashi ta shiga kicin. Mai Firji ya zauna da kofin ruwa a hannu. Da faɗa tsohon ya yi, da ya fi masa sauƙi.

Ranar Talata da hantsi ya yi abin da bai taɓa yi ba a lokacin zafi. Ya ja ƙofar shago ya sa kwaɗo, ya ɗauki jakar kayan aikinsa, ya tafi gidan surukansa. Ya tarar da Baba a kujerar roba a inuwar gareji, rediyo a cinyarsa.

"Wa nake ji kamar Injiniya? Yau Asabar ce ban sani ba?"

"Talata ce, Baba. Rufin nan na zo mu duba, a tsanake."

Baba ya kashe rediyon. Bai ce an gode ba, bai yi zancen Asabar ɗin da ta wuce ba. Ya ce, "To ka sa a kawo maka tsohon bargo, kada ka ajiye mini su a kan siminti."

Suka shimfiɗa bargon, Mai Firji ya ɓalle fallayen biyu ya kifa su a kai. Sai a ranar ya dube su da idon aiki, ba da idon wanda yake so a sallame shi ba. Robar bakin rufin ba ta da bambanci da ta ƙofar firji, ita ma aikinta ta manne ta hana iska da ruwa wucewa. Ta wannan motar kuwa ta sha wahala. Giris ɗin Sufana ya kama ƙasa ya zama kamar kwalta, ga guntayen kwalin Auta sun bushe a cikin lungunanta, inda man bai kai ba kuma ta bushe ta yi fari. Ya roƙi Umma ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori. Ya zauna a ƙasa ya bi robar kaɗan-kaɗan, ta jikin fallayen da ta jikin motar, yana wankewa yana sharewa da tsumma. Ruwan ya yi baƙi aka sauya, ya sake yin baƙi aka sauya.

Baba ya jawo kujerarsa kusa. Tun da ba ya gani, sai ya miƙa hannu yana shafa gefen fallen da ke kusa da shi. A gaban kowane falle akwai haƙora biyu na ƙarfe da ke shiga ramukansu a saman gilashin gaba, su ne ke riƙe shi kafin a kulle sakata. Yatsun tsohon suka tsaya a kan ɗaya.

"Injiniya, kawo hannunka."

Ya kama yatsan Mai Firji ya ɗora a kan haƙorin. "Shafa nan. Yanzu shafa wancan. Ka ji bambanci?"

Akwai bambanci kuwa. Ɗayan yana sanye da 'yar rigar roba, ɗayan tasa ta cinye ta faɗi, ƙarfen ya yi santsi har gefe ɗaya ya ɗan lafe. Da ido ba a lura, don duk baƙaƙe ne.

"Wannan shi ne mai ƙwanƙwasawa," in ji Baba. "Yana rawa a cikin raminsa. Mai kukan kuma robarka ce. Ashe su biyu ne suka haɗa mini kai."

Mai Firji ya ciro baƙin salatif ɗin wayar wuta ya naɗa wa haƙorin, ya gwada a ramin ya ji ya yi kauri, ya rage, ya sake gwadawa har ya shiga da ɗan matsi. Sannan ya ɗauko wani farin mai a 'yar roba, man silikon da yake shafa wa ƙofar firji in ta fara taurin kai, wanda ba ya narkewa a rana kuma ba ya cin roba. Ya lakata kaɗan ya bi bakin rufin da shi, yana murzawa da yatsa har robar ta sha ta yi laushi, ya goge abin da ya rage.

Yana cikin haka Baba ya yi magana, ba tare da ya juyo ba.

"Na san na ishe ka."

"Haba, Baba."

"Bar haba. Na ishi kaina ma. Ka san a tanka, in ka ji ƙarar da ba ka san ta ba, ba ka ƙara taku ɗaya sai ka gano ta, don abin da ke bayanka ba ruwa ba ne. Jikina ya saba. Wannan ɗaya ke nan." Ya gyara zaman tabaraunsa. "Na biyu kuma, motar nan yanzu ba na ganin jan launinta. Hanya ma sai inuwa-inuwa. Abin da ya rage mini a cikinta muryar injin ce. To ga wannan abu ya zo ya zauna mini a kan kunne, ya hana ni jin ta."

Tsakanin Mai Firji da surukinsa ba a saba irin wannan magana ba. Sai ya ce, "Bari mu mayar mu ji."

Suka mayar da fallayen. Sakatar gefen Baba ta shige da sauƙi fiye da kima, ya ƙara mata ɗauri kaɗan har sai da ta buƙaci a danna ta da tafin hannu. Ya jefa jakar kayan aiki a but, wayarsa a ciki, don ta dame shi da ruri tun yana wankin roba. Suka fita ba su gaya wa kowa ba, tun da zagaye ɗaya za su yi su dawo.

Layin gidan Baba duk ramuka ne. Suka shiga na farko, shiru. Na biyu, shiru. Baba ya karkata kai, ya ɗaga hannu zai danne rufin don sabo, sai ya mayar da shi cinyarsa. A kwanar babban titi wani ɗan ƙiƙ ya fito ta bayan kan direba. Dukansu suka ji, ba wanda ya tambayi wani. Mai Firji ya tsaya a gefe, ya buɗe sakatar gefensa, ya ɗan girgiza fallen ya zauna daidai, ya kulle. Suka sake karya wata kwanar, babu komai.

"Kada ka juya gida," in ji Baba. "Bi ta hanyar bayan gari."

"Baba, na bar shago a rufe."

"Ya riga ya rufu. Bi."

Hanyar bayan gari sabuwa ce, shimfiɗaɗɗiya, kuma da tsakar rana ba kowa a kanta sai jefi-jefi. Baba ya ce ya taka. Ya taka. Ya ce ya ƙara. Mai Firji ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya ƙara fiye da yadda ya taɓa yi a rayuwarsa, motar ta kwanta a kan kwalta, injin ya buɗe murya daga bayansu, mai kauri, ba gargada a cikinta. Abin da ya ji ba duka tsoro ba ne, kuma wannan ya ba shi mamaki.

"Yanzu za ta nemi ta huɗu," in ji Baba a hankali. "Saurara. Yanzu."

Ya sa ta huɗu daidai lokacin. Tsohon ya jingina kansa da kujera, ya ce wani abu da Mai Firji bai ji ba, bai kuma ƙara ba da umarni ba. Suka yi tafiya mai ɗan nisa a haka. Da Mai Firji ya rage gudu zai tambaya ko su juya, ya waiga ya ga bakin Baba a ɗan buɗe, tabarau ya zamo kan hanci, yana barci.

Juyawa a nan sai an bi ta kan tsakuwa, kuma bai so ya tashe shi. Ya hango wata babbar bishiya a gefen wani gidan mai, ya gangara a hankali ya tsaya a inuwarta, ya sauke gilasai, ya kashe injin. Iska tana shigowa ta wannan taga ta fita ta waccan. Ya ce bari ya ba tsohon ɗan lokaci, shi ma ya rufe ido kaɗan saboda hasken titin da ya gajiyar da shi.

Ƙwanƙwasa ƙofa ce ta tashe shi. Wata ma'aikaciyar gidan man ce tsaye tana leƙo su, fuskarta da damuwa. Inuwar bishiyar ta bar kansu ta koma can tsallaken titi.

"Malam, lafiya dai? Tun ɗazu muke kallonku, ba wanda ya motsa. Manajanmu ya ce in zo in duba ko da rai."

"Da rai," in ji Baba, wanda ya farka yana laluben tabaraunsa. "'Yata, gaya wa manaja gwajin mota muke yi."

Da Mai Firji ya buɗe but ya ciro wayar, bai ma tsaya duba yawan kiran ba. Matarsa ce a sama, sai Auta, sai ita dai kuma, sai mai ƙanƙara, har da babban wan matarsa daga wata ƙasa. Ya mayar da ita jaka ya tuƙa su gida a irin tafiyarsa ta firji.

A ƙofar gida suka tarar da taro. Auta ya riga ya zaga asibitoci biyu a kan babur. Matar Mai Firji tana tsaye da Gimbiya a hannu, idonta ya yi ja. Ba ta ɗaga murya ba, saboda a gaban iyayenta ne, ta matso kusa da tagarsa ta ce, "Abban Gimbiya, mutumin da ya ce ba zai je ranar Asabar ba, shi ne ya sace mini uba ranar Talata?"

"Barci ne ya ɗauke mu."

"Barci. Ku biyu. A titi."

"A inuwa dai," in ji Baba, yana miƙa hannu a fito da shi. "Kada wanda ya taɓa mini Injiniya. Auta, zo ka ji rufin nan, ka ga yadda ake aiki ba da kwali ba."

Auta ya ce shi dai an gode Allah, amma a riƙa ɗaukar waya. Umma kuwa ta koma ciki. Ta sa aka kawo wa Mai Firji abinci a falo, ta tsaya har ya fara ci, abin da ba ta saba ba. Ya ci sosai, ya ji ɗanɗanon abin da yake ci.

Gyaran bai zama na har abada ba. Bayan 'yan watanni ƙiiƙ ɗin ya fara leƙowa, sai an sake wanke robar an shafa mai, salatif ɗin ma yana cinyewa a sauya. Mai Firji ya bar 'yar robar man a aljihun motar, Baba kuma ya karɓi aikin shafawar da kansa, tun da aikin yatsa ne ba na ido ba. Mai ƙanƙara ya yi fushi ya kai injinsa wani shagon, daga baya ya dawo. Yammacin Asabar kuwa bai koma hannun mai shi ba, sai ma abin da ya ƙaru, don yanzu Baba ba ya yarda a juya gida sai an bi ta bayan gari.

A ranar Talatar dai, da ya gama cin abinci ya wanke hannu, ya ɗauki jakarsa zai koma ya buɗe shago ko da na ɗan lokaci ne kafin duhu, sai Umma ta biyo shi har bakin ƙofa. Ta rage murya kamar mai jin nauyi.

"Ɗana, ba yau ba, na san ka gaji. Duk ranar da ka samu sarari. Injin wankina ne, in ya zo matse kaya sai ya kama tafiya, jiya a bakin ƙofar kicin na tsinto shi."

Mai Firji ya dubi titi, ya dubi jakar da ke hannunsa. Ya cire takalmin da ya riga ya sa ƙafa ɗaya a ciki.

"Yana ina, Umma?"